Taƙaitaccen Tarihin Frank Capra (1897–1991) da Wasansa na Baƙauye Mai Dukiya

A adabin baka na Hausa an saba a ga baƙauye ya shigo birni, 'yan birni su mai da shi abin dariya, daga baya kuma reshe ya juye da mujiya. Irin wannan jigo ne wani ɗan ƙauye mai suna Frank Capra ya ɗauka ya yi suna da shi a sinimar Amurka.

An haifi Capra ran 18 ga Mayu, 1897, a Bisacquino, wani ɗan ƙaramin gari a tsibirin Sisili na ƙasar Italiya. Iyayensa talakawa ne. A 1903 talauci ya sa suka shiga jirgin ruwa zuwa Amurka, suka zauna a Los Angeles. A nan ya yi ta tallar jarida yana yaro don ya taimaki gida, amma bai yar da karatu ba, har ya sami digiri a fannin injiniyan haɗa sinadarai a 1918. Aikin da ya karanta bai samu ba, sai ya yi ta 'yan buge-buge, har ya faɗa harkar sinima yana tsara wa 'yan wasa abubuwan ban dariya. Wajen ƙarshen shekarun 1920 ya kama aiki da kamfanin Columbia, wanda a lokacin ƙarami ne.

A wancan zamani manyan kamfanoni ne ke riƙe da komai, tun daga marubuta da 'yan wasa har zuwa wurin ɗaukar hoto. Sa'an nan kuma tun daga 1929 tattalin arzikin Amurka ya karye, bankuna suka ƙwace gonakin manoma masu yawa saboda bashi. A cikin wannan hali ne Capra ya fito da Mr. Deeds Goes to Town a 1936, wanda Robert Riskin ya rubuta, Gary Cooper da Jean Arthur suka fito a ciki.

Labarin wani saurayi ne, Longfellow Deeds, mazaunin wani ƙaramin gari, mai busa ƙaho da rubuta 'yan baitoci. Kwatsam sai ya gaji dala miliyan 20 daga kawunsa, lauyoyi suka kai shi New York da nufin su ci rabonsu. Wata 'yar jarida ta yi shigar talaka ta shiga jikinsa, tana fallasa ƙauyancinsa a jarida. Ana nan sai wani manomi da ya rasa gonarsa ya faɗo masa gida da bindiga, yunwa ta ci shi. Ganin haka Deeds ya ƙudura ya raba dukiyar, a ba kowane manomi gona eka 10 da kayan aiki, in ya noma ta shekara uku ta zama tasa. Nan fa lauyoyi suka kai shi gaban alƙali wai ya haukace. Da farko ya yi gum don baƙin ciki, daga baya ya buɗe baki ya nuna kowa a kotun yana da tasa 'yar taɓuwar, alƙali ya sallame shi.

Tambayar da wasan ya ɗora ita ce, shin wanda ya raba dukiyarsa ga mabukata mahaukaci ne? Manomin Baure ko Zango a ƙasar Daura, wanda ya san zafin jinginar da gona a shekarar fari, ba ya bukatar tafinta kafin ya gane ta.

Wannan wasa ya jawo wa Capra lambar Oscar ta biyu. Ta farko ya same ta da It Happened One Night na 1934, ta uku kuma da You Can't Take It with You na 1938. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya shiga soja, ya shirya wa gwamnati finafinan wayar da kai. Bayan yaƙi ya koma kan jigon ƙaramin gari da It's a Wonderful Life a 1946, amma bai mai da kuɗin da aka kashe ba, tauraruwarsa ta fara dusashewa. Wasansa na ƙarshe ya fito a 1961, ya wallafa tarihin kansa a 1971, ya mutu ran 3 ga Satumba, 1991, a Kalifoniya, yana da shekara 94.

Abin lura ga mai nazari shi ne, Capra kansa mai ra'ayin riƙau ne, ba ya goyon bayan Shugaba Roosevelt da shirye-shiryensa na agaza wa talakawa. Riskin ne mai wannan ra'ayi, shi ya sa manazarta da dama ke ganin tausayin da ke cikin wasan rabinsa na marubucin ne. Ko a wasan ma, mafitar manoma ta rataya ne ga kirkin mutum ɗaya da ya yi sa'ar gado. Manomin da bai gamu da irin Deeds ba, Capra bai faɗi inda zai sa kansa ba.