Norman Alexander: Masanin sararin sama da ya fara shugabantar Jami'ar ABU

Duk ɗalibin da ya zauna a Samaru ya san ɗakin kwanan ɗalibai na Alexander, amma ba kowa ya san mai sunan ba.

An haifi Norman Stanley Alexander a ƙasar New Zealand a 1907. Ya yi digirin digirgir a fannin fiziks a Cambridge ta Ingila, sannan ya koma koyarwa a Singafo a 1936. Da sojojin Japan suka mamaye birnin a 1942, sun tsare shi har ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu.

A 1952 ya zo Ibadan a matsayin farfesan fiziks. A nan ya mayar da hankali kan abin da ke faruwa kimanin kilomita 100 sama da kawunanmu, inda hasken rana ke cajin iska da lantarki. Wannan sashe ne ke dawo da siginar rediyon gajeren zango ƙasa, har mai sauraro a ƙauye ya kama tashar da ke Landan.

Da rana, iskar da ke kaɗawa a can sama tana haddasa wani siririn kogin lantarki mai kwarara zuwa gabas, a kan layin da ya raba maganaɗisun duniya biyu. Layin ya ratsa Afirka ta Yamma ba nisa da Zariya da Gaya ta jihar Dosso. Alexander da matashin masani Cyril Onwumechili sun auna yadda maganaɗisun ƙasa ke sauyawa kullum a Ibadan, suka wallafa sakamakon a 1959. Matarsa Elizabeth, ita ma masaniyar kimiyya, ta rasu a Ibadan shekara guda kafin nan.

Lokacin da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Oktoban 1962, shi ne shugabanta na farko, ya riƙe ta har 1966, Ishaya Audu ya gaje shi. Ya mutu a 1997.

Binciken bai tsufa ba. Bayan faɗuwar rana wannan sashe na sama kan hargitse a yankinmu, ya gurɓata siginar GPS da direbobi da jiragen sama suka dogara da ita.