Tarihin Georg Ohm, Ɗan Maƙerin Da Ya Auna Wutar Lantarki

Duk wanda ya taɓa kunna tocila, ko ya ɗaura ƙwai a jikin batir, ya ci moriyar aikin wani Bajamushe wai shi Georg Simon Ohm, ko da bai san sunansa ba. Mun ga ya kamata mu ba masu karatu tarihinsa, domin akwai abin koyi a ciki.

An haife shi a Erlangen ta ƙasar Jamus ran 16 ga Maris, 1789. Ubansa maƙerin makullai ne, bai yi makaranta mai zurfi ba, amma ya koya wa kansa lissafi, sa'an nan ya koya wa 'ya'yansa. Uwarsa ta rasu yana da shekara 10. Cikin 1805 ya shiga jami'ar garinsu, amma sai wasa ya ɗauke masa hankali. Uban ya fusata, ya tura shi Suwizalan cikin 1806, inda ya zama malamin lissafi. Can ya natsu, ya komo gida ya sami digirin dakta cikin 1811. Cikin 1817 ya sami aikin koyarwa a wata makaranta a birnin Kolon, wadda ke da ɗakin gwaji mai kyau.

A zamanin nan an riga an san batir, wanda Volta ya ƙago cikin 1800, amma ba wanda ya bayyana wa duniya ƙa'idar tafiyar wuta cikin waya. Ohm ya duƙufa. Da ya ga ƙarfin batir ba ya tsayawa wuri ɗaya, sai ya haɗa ƙarfe iri biyu, ya sa mahaɗa ɗaya cikin tafasasshen ruwa, ɗaya cikin ƙanƙara, ya sami wuta mai ƙarfi daidai. Ya riƙa sauya wayoyin tagulla takwas masu tsawo dabam dabam, yana duban yadda allurar maganaɗisu ke karkata. Cikin 1827 ya buga littafinsa a Berlin.

Ga abin da ya gano. Mu ɗauki misalin mai lambu a fadamun Isa ko Sabon Birni. Ƙarfin da injin ke tura ruwa da shi, shi ne turi, ana aunansa da bolt. Yawan ruwan da ke wucewa shi ne kwarara, ana aunanta da amfiya. Ƙuncin tiyo da tsawonsa kuwa su ne tirjiya. In turi ya ninka, kwarara ta ninka; in tirjiya ta ninka, kwarara ta koma rabi. Watau a raba turi da tirjiya, abin da ya fito shi ne kwarara. Batir mai bolt 12, in aka ɗaura masa ƙwai mai tirjiya 6, amfiya 2 za ta gudana. In kuma ana son sanin ƙarfin aikin, sai a ninka turi da kwarara: 12 sau 2 ya ba da wat 24.

Amma fa mutanen ƙasarsa ba su karɓi maganar ba. Waɗansu manyan malamai suka kushe ta, domin ba su saba ganin an bayyana lantarki da lissafi ba. Ransa ya ɓaci, ya bar aikinsa na Kolon, ya zauna Berlin wajen shekara shida yana 'yar koyarwa, albashi bai taka kara ya karya ba. Sai cikin 1833 ya sami aiki a makarantar sana'a ta Nuremberg. Gaskiya dai ba ta ɓuya. Masana a Jamus da Faransa suka sake gwajin, suka tarar haka abin yake. Cikin 1841 babbar ƙungiyar masana ta Ingila ta ba shi lambar girma ta Copley. Cikin 1852 ya sami kujerar farfesa a jami'ar Munich, abin da ya daɗe yana buri. Shekara biyu kaɗai ya yi a kanta, ya rasu ran 6 ga Yuli, 1854, yana da shekara 65. Cikin 1881 taron masana a Faris ya tabbatar da sunansa a kan ma'aunin tirjiya, ana ce da shi ohm.

Wannan ilmi ba na masana kaɗai ba ne. Wani Bature, Joule, ya nuna in kwarara ta ninka, zafin waya yakan ninka huɗu. Don haka ne ake ɗauko wutar Kainji zuwa Birnin Kebbi da bolt 330,000, kwarara ta ragu, kada wutar ta ƙare a hanya. Don haka ne kuma siririyar waya, in aka labta mata dutsen guga da abin dafa ruwa, takan yi zafi har ta kama da wuta. Muna roƙon masu gida da masu shago su nemi waya daidai da kayansu, domin arha ba ta ado, kuma gobara ba ta sallama.