Ignaz Semmelweis: Likitan da Ya Ce a Wanke Hannu

An haifi Ignaz Semmelweis ranar 1 ga Yuli, 1818, a Buda ta ƙasar Hangare. Ya fara karatun lauya a Jami'ar Biyana, daga baya ya koma fannin likita, ya kammala a 1844.

A 1846 aka naɗa shi mataimaki a ɗakin haihuwa na ɗaya na Babban Asibitin Biyana, inda ake koyar da ɗaliban likita. A ɗaki na biyu kuwa ungozomomi ake horarwa. Zazzaɓin bayan haihuwa yana kashe kusan mace 10 cikin 100 a ɗakin likitoci, alhali a na ungozomomi ba su kai 4 ba. Matan garin sun san da haka, har wasu kan durƙusa suna roƙon kada a kai su ɗaki na ɗaya.

Ya daɗe yana neman dalili bai samu ba, sai a 1847 da abokinsa Jakob Kolletschka ya rasu bayan wuƙar wani ɗalibi ta yanke shi a wurin binciken gawa. Alamomin da aka gani a gawarsa irin na masu jegon nan ne. Nan ya farga: ɗalibai kan fito daga ɗakin gawa su wuce duba masu naƙuda, su kuwa ungozomomi ba sa taɓa gawa. A watan Mayu ya wajabta wanke hannu da ruwan kulorin. Mace-macen da suka haura kashi 18 cikin 100 a Afrilu suka sauko zuwa kusan kashi 2 a Yuni.

Amma manyan likitoci suka ƙi yarda. Ba a riga an tabbatar da cewa ƙwayoyin cuta ke haddasa ciwo ba, kuma wane likita zai so a ce hannunsa ne ajalin majinyata? Shi ma da nasa laifin, domin bai wallafa littafinsa ba sai 1861, sannan ya riƙa aika wa masu sukarsa wasiƙu masu zafi. Tun a 1849 aka ƙi sabunta masa aiki, ya koma Pest a 1850.

A 1865 aka kai shi asibitin masu taɓin hankali a Biyana. Bayan mako biyu, ranar 13 ga Agusta, ya rasu yana da shekara 47, sakamakon rauni a hannu da ya ruɓe ya shiga jini. Kwana ɗaya kafin nan, a Gilasgo, Joseph Lister ya fara sa sinadarin kabolik a kan karayar wani yaro don kada ta ruɓe.