Na'omi, Kakar Obida

Karatu: Littafin Rut, sura 1 zuwa 4

A zamanin da mahukunta suke mulkin Isra'ila, kafin sarautar Dawuda wadda ta fara wajen shekara 1000 kafin haihuwar Almasihu, aka yi yunwa a ƙasar Yahuza. Sai wani mutumin Baitalami, sunansa Elimelek, ya kwashi matarsa Na'omi da 'ya'yansu maza biyu, Malon da Kiliyon, suka yi ƙaura zuwa Mowab, gabas da Tekun Gishiri. Can Elimelek ya rasu. 'Ya'yan suka auri matan ƙasar, Orfa da Rut, suka zauna wajen shekara 10, sa'an nan su ma suka rasu, ba wanda ya bar baya.

Da Na'omi ta ji an sami abinci a ƙasarsu, sai ta kama hanyar gida. Orfa ta koma wurin danginta, amma Rut ta ƙi rabuwa da ita. Suka iso Baitalami a farkon girbin sha'ir. Ma'anar sunan Na'omi daɗi ne, amma ta roƙi matan garin su riƙa kiranta Mara, wato ɗaci, gama ta fita da miji da 'ya'ya, ta komo hannu wofi.

Shari'ar Musa ta umarta a bar wa matalauci da baƙo kalar gona (Littafin Firistoci 19:9-10). Saboda haka Rut ta fita kala, ta faɗa gonar Bo'aza, dangin Elimelek, ran nan kuwa ta komo da sha'ir wajen lita 22. Na'omi ce ta gane mutumin yana da ikon fansarsu, ita ce kuma ta tsara wa Rut abin da za ta yi a masussuka. Bo'aza ya tara dattawa 10 a ƙofar gari, ya fanshi gonar Elimelek, ya auri Rut. Ta haifi ɗa namiji. Na'omi ta ɗauke shi ta rungume, ta zama mai renonsa, maƙwabta mata kuwa suka sa masa suna Obida.

Sai mu lura da abu uku a kan wannan sabuwar kaka.

Na fari, yaron ba jininta ba ne. Uwarsa Bamowabiya ce, daga jama'ar da Shari'a ta hana su shiga taron Ubangiji (Maimaitawar Shari'a 23:3), ubansa kuwa dangin mijinta ne. Duk da haka ta karɓe shi ɗungum, har mata suka lasafta shi ɗanta. Mu a ƙasar Hausa mun san riƙo. Baba ta Karo, wadda ta rasu a 1951, aka buga labarin rayuwarta a 1954, ba ta taɓa haihuwa ba, amma 'ya'yan waɗansu sun girma a hannunta.

Na biyu, ta san lokacin yin shiru. Tun daga Mowab har daren masussuka ita ce mai ba da shawara, amma maganarta ta ƙarshe tana cikin sura 3. A sura 4 ba mu ji bakinta ba ko sau ɗaya. Ko sunan yaron ma waɗansu ne suka raɗa. A nan ne yawancin sababbin kakanni sukan yi tuntuɓe. A Barunde ta Gombe, kamar sauran wurare, kaka takan tsaya kan wankan jego da kunun kanwa, wurinta kuma akan kai yaro yaye. Hidimar nan tana da albarka, amma idan kaka ta mai da ita mulki, tana soke duk abin da maijego ta koyo a asibiti, sai gida ya yi zafi, jikan da ya kamata ya haɗa su ya zama sanadin rabuwarsu.

Na uku, jikan bai shafe mata makoki ba. Kaburbura uku suna nan a Mowab. Amma ba ta ɗora wa jinjirin nauyin zama Malon ko Kiliyon ba, ba ta kuwa bar ɗacin baya ya hana ta murnar ranar ba.

Ba a rubuta mutuwar Na'omi ba, ba a kuma ambaci sunanta a wani littafi ba sai na Rut. Jerin asalin da ke Matiyu 1:5 ya kawo Bo'aza da Rut da Obida, bai kawo ta ba. Amma yaron da ta rena shi ne ya haifi Yesse, uban sarki Dawuda. Ashe, aikin kaka yakan yi nisa ko da ba a tuna da sunanta ba.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Me ya sa matan Baitalami suka fifita Rut a kan 'ya'ya maza 7?
2. Yaushe ya kamata kaka ta yi magana a kan renon jikanta, yaushe kuma ya kamata ta kame bakinta?
3. Ƙaƙa ikkilisiyarmu za ta taimaki kakannin da mutuwa ta bar musu jikoki marayu?