Samu'ila Ajayi Crowther: Bawan Mutane da Ya Zama Bawan Allah

Ya kai mai karatu, ko ka ba da gaskiya ga Yesu Almasihu kwanan nan, ko kuwa kana cikin bincike tukuna, mun san akwai tambayar da ba ta barin zuciyar sabon mai bi ta huta: idan Allah yana ƙaunata, don me wahala ba ta rabu da ni ba? Watakila dangi sun juya maka baya, an karɓe gonar da ka ke nomawa, waɗanda ku ke cin tuwo akushi ɗaya sun daina amsa gaisuwarka. Watakila kuma abin da ya fi ci maka rai daga cikin jama'ar masu bi ya fito. Saboda haka muka ga ya kamata mu ba ka labarin wani mutum wanda ya sha waɗannan duka, ya kuwa riƙe Ubangijinsa har ranar mutuwarsa.

An haifi Ajayi a garin Osogun, cikin ƙasar Yarabawa, wajen shekara ta 1809. A zamanin nan mulkin Oyo yana rushewa, yaƙi ya cika ƙasa, gari yana cin gari domin a sami bayin sayarwa. Wata safiya cikin shekara ta 1821, mata suna shirin abincin karin kumallo, sai mayaƙa suka kewaye garin. Kafin rana ta yi tsaka an cinna wa gidaje wuta. Ubansa ya fita wurin faɗa, Ajayi bai ƙara ganinsa ba har abada. Aka kama yaron tare da uwarsa da ƙannensa mata, aka sa musu igiya a wuya, ba a daɗe ba kuma aka raba su, kowa da inda aka nufa da shi.

Daga nan ya zama hajar kasuwa. Aka musanya shi da doki. Da dokin bai gamshi wanda ya karɓa ba, aka komo da yaron aka karɓi dokin. Aka yi ta sayar da shi daga hannu zuwa hannu, ana gangarawa da shi wajen teku, har aka ba da shi a bakin taba da barasa. Baƙin ciki ya yi masa yawa, har ya nemi ya kashe kansa, amma bai iya ƙarasawa ba. A ƙarshe fatake na ƙasar Fotugal suka saye shi a Ikko, suka ɗaure shi da sarƙa tare da manyan maza, sa'an nan cikin watan Afrilu na 1822 suka zuba su cikin jirgi, su fiye da 180, za a haye da su teku.

Tun jirgin bai yi nisa da gaɓa ba, sai jiragen yaƙi na Ingila masu tsaron teku domin hana cinikin bayi suka tare shi. Aka ɗauki Ajayi zuwa wani jirgi mai suna Myrmidon, wanda Kyaftin Henry Leeke ke shugabanta. Yaron bai san ceto ne ya zo ba. Da ya ga naman alade a rataye, ya ga kuma harsasan igwa a tare wuri ɗaya, sai ya zaci naman 'yan'uwansa ne da kawunansu, ya ɗauka shi ma yanka shi za a yi. Ka lura da wannan, ya mai karatu. Ran da ya fi jin tsoro, ran nan ne Allah ya kwance masa sarƙa. Sau da yawa mu ma haka mu ke, muna kuka a kan abin da Ubangiji ya aiko domin taimakonmu, gama idonmu bai kai inda nasa ya kai ba.

Aka sauke su a Saliyo, inda a ke zaunar da 'yantattun bayi, aka sa shi a hannun masu aikin bishara na ƙungiyar CMS. Ya kama karatu da himma ƙwarai, cikin wata shida ya iya karanta Sabon Alkawari, ya kuma koyi sassaƙa. Ran 11 ga Disamba 1825 aka yi masa baftisma, ya ɗauki sunan wani limamin ikilisiya na birnin Landan, Samu'ila Crowther. Da aka buɗe makarantar Fourah Bay a 1827, sunansa ne na fari cikin littafin ɗalibai. Ya auri Asano, wadda ita ma daga jirgin bayi aka cece ta, aka yi mata baftisma da suna Susan. Suka zauna tare wajen shekara hamsin. Daga baya, sa'ad da ya rubuta labarin kamunsa, ya lissafta ranar nan ta baƙin ciki cikin ranakun albarka, domin ta wurinta ne ya san Almasihu. Haka Yusufu ɗan Yakubu ya gane a ƙasar Masar, kamar yadda za ka samu a ƙarshen Littafin Farawa, cewa muguntar da mutane suka nufa Allah ya juyar da ita ta zama alheri.

Amma kada ka yi tsammani baftisma ta raba shi da wahala. A 1841 gwamnatin Ingila ta aiki jirage su hau kogin Kwara, aka sa Crowther ya tafi tare da wani Bajamushe mai aikin bishara, sunansa Schön, wanda ya ba da ransa ga koyon Hausa, ya kuma juya waɗansu littattafan Sabon Alkawari zuwa harshenmu. Zazzaɓi ya faɗa wa matafiyan, Turawa fiye da 40 suka mutu, aka komo ba a cika abin da aka je yi ba. Mutane suka ce asara ce tsantsa. Duk da haka daga wannan asara shugabannin mishan suka gane lalle 'yan Afirka ne za su kai bishara cikin Afirka. Aka kira Crowther zuwa Ingila, aka ɗora masa hannu ya zama limamin ikilisiya a 1843.

Aka aike shi ƙasarsa ta haihuwa. A 1846 ya isa Abekuta, can kuwa ya ji labari uwarsa tana da rai a wani gari kusa. Aka kawo ta. Shekara ashirin da biyar ke nan tun da aka raba su da igiya a wuya. Suka tsaya suna duban juna, hawaye na zuba, maganar kirki ta gagara. Ya sami ƙannensa kuma. A 1848 tsohuwar ta karɓi baftisma, aka sa mata suna Hannatu. Kai da danginka suka ƙi ka saboda sunan Yesu, ka riƙe wannan a zuciya: kada ka fid da rai da su, kada kuma ka daina yi musu addu'a da ladabi. Ba a alkawarta maka za ka ga abin da Crowther ya gani ba, amma Allahn da ya tsare tsohuwar nan shekara ashirin da biyar bai tsufa ba.

A 1854 ya sake hawan kogi tare da Likita Baikie, suka shiga Binuwai. A wannan tafiya an sha kwinin kullum, ba wanda zazzaɓi ya kashe. A 1857 ya kafa aiki a Anaca, ya wuce gaba cikin jirgi mai suna Dayspring, sai jirgin ya bugi dutse kusa da Jabba ya nutse. Suka tsira da rayukansu, kaya da yawa suka salwanta, suka yi watanni a bakin kogi cikin bukkoki suna jiran taimako. Crowther bai zauna yana ƙunƙuni ba. Ya shiga cikin Nufawa yana tambayar sunan kowane abu yana rubutawa, ya ziyarci Raba, ya san sarakuna da fatake. Daga wannan zaman dole aka sami littafin koyon karatu da Nufanci a 1860, da littafin nahawu da kalmomin Nufanci a 1864. A 1862 kuma gobara ta cinye gidansa a Ikko, takardun fassarar da ya yi na littattafan Musa suka ƙone, tare da kalmomi da karin maganar Yarabanci da ya yi shekara goma sha ɗaya yana tarawa. Ya ji zafin abin ƙwarai, sa'an nan ya ɗauki alƙalami ya soma daga fari. A 1884 aka gama Littafi Mai Tsarki duka da Yarabanci, shi ne kuwa babba cikin waɗanda suka yi aikin.

Ran 29 ga Yuni 1864, a babbar majami'ar Kantabari, aka keɓe shi Bishof, shi ne baƙin mutum na fari da ya sami wannan matsayi cikin ikilisiyar Angilika. Cikin taron akwai Henry Leeke, wanda ya tsamo shi daga jirgin bayi shekara 42 da suka wuce. Girman bai sauya halinsa ba, bai kuma kāre shi daga hatsari ba. A 1867 wani basarake na bakin kogi kusa da Ida, sunansa Aboko, ya kama shi tare da ɗansa Dandeson, ya tsare su kwanaki yana neman fansa mai yawa. Mataimakin jakadan Ingila da ke Lakwaja, mai suna Fell, ya zo ya fisshe su, amma suna gudu zuwa jirgi aka harbe shi da kibiya mai dafi, ya mutu. Bishof ya ɗauki nauyin wannan mutuwa a zuciyarsa, duk da haka bai bar kogin ba.

Ga wani abu kuma da ya kamata ka koya daga gare shi. Ya yi shekaru yana ma'amala da Musulmi, yana zuwa Bida wurin Sarkin Nufe Masaba, yana zama da malamai. Ya san gardama mai zafi ba ta jawo kowa. Yakan amsa tambaya daga cikin Littafi da murya mai sanyi, ba zagi, ba reni, ba kuwa ɓoye abin da ya gaskata. Saboda haka har waɗanda ba su karɓi saƙonsa ba suka amince da shi, suna kiransa dattijon kirki. Mutumin da ya dogara ga Allah ba ya bukatar ɗaga murya.

Yanzu mun zo ga gwaji mafi tsanani, wanda ya same shi da furfura. Matarsa ta rasu a 1880, uwarsa kuma a 1883. Aikin kogi ya yi faɗi, kuɗi kaɗan ne, tashoshi suna nesa da juna, kuma gaskiya ce waɗansu ma'aikatansa sun yi abin kunya, shi kuwa mai jinkirin hukunci ne, ya fi son ya jawo mai laifi ya tuba. Sai waɗansu samarin Turawa masu aikin bishara suka zo da zafin himma, suna ɗokin kai bishara ƙasar Hausa. Ba su tsaya sun koya daga wanda ya riga su da shekara hamsin ba. Suka yi wa 'yan Afirka kuɗin goro, mai laifi da marar laifi. A wani taro a Anaca cikin watan Agusta na 1890, a gaban idonsa, aka dakatar da limaman da shi ya ɗora wa hannu, har da ɗansa Dandeson, ba tare da yardarsa ba. Tsoho mai shekara kusan tamanin, wanda sarakuna ke tashi su tarye shi, yaran da ba su kai jikokinsa ba suka ƙasƙantar da shi cikin aikin da ya kafa da hannunsa.

Me ya yi? Bai yi shiru a kan zalunci ba: ya faɗi gaskiya a fili, ya rubuta wa shugabanni, ya sauka daga shugabancin kwamitin, ya kuma goyi bayan ikilisiyoyin bakin teku su tsaya da ƙafafunsu. Amma bai rama zagi ba, bai la'anci kowa ba, bai kuwa bar Almasihu saboda halin bayin Almasihu ba. Biyu daga cikin samarin nan ciwo ya kashe su a Lakwaja a 1891 da 1892, ba su kai cikin ƙasar Hausa ba. Su ma sun ba da ransu, Allah ne mai shari'a tsakaninsu da shi. A 1891 ciwon shanyewar jiki ya kama Bishof, ran 31 ga Disamba na shekaran nan ya rasu a Ikko. Bai ga an wanke sunansa ba. Sai a 2014, da aka cika shekara 150 da keɓe shi, Babban Bishof na Kantabari na lokacin, Justin Welby, ya tsaya cikin majami'ar nan ya furta tuba saboda abin da aka yi masa. A Anaca da Lakwaja da Boni kuwa, inda ya shuka da hawaye, ikilisiyoyi suna nan cike da masu sujada.

To, ya ɗan'uwa, ga abin da mu ke so ka ɗauka. Bangaskiya ba ciniki ba ce da za ka ce wa Allah, na bi ka, sai ka biya ni da zaman lafiya. Ubangijinmu da kansa ta hanyar gicciye ya bi, kuma ɗaya daga cikin masu cin abinci tare da shi ne ya bashe shi. Wani wahalar za ka ga amfaninta da idonka, kamar yadda Ajayi ya ga na jirgin bayi da na dutsen Jabba. Wata kuwa za ka kwanta kabari ba ka ga dalilinta ba, kamar ta Anaca. Dogara ga Allah ita ce ka riƙe shi cikin duka biyu.

Saboda haka in an tsananta maka a gida, ka yi haƙuri, ka ci gaba da girmama iyayenka. In hanya ta toshe, ka duba aikin da ke kusa da hannunka ka yi shi da aminci. In abin da ka tara ya ƙone, ka soma kuma. In ɗan'uwa mai bi ya cuce ka, ka faɗa masa gaskiya cikin tawali'u, ka kai maganar gaban dattawan ikilisiya in ta kama, amma kada ka bar taron masu bi, kada ka bar addu'a, gama ba mutum ne ya mutu dominka ba. Hausawa sun ce mahaƙurci mawadaci. Mai bin Yesu ya san inda wadatarsa ta ke, ya kuma san wanda ya ajiye masa ita.

Allah ya ba mu, mu da kai, irin wannan bangaskiya mai jimrewa har matuƙa, ta wurin Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.