Labarin Saje William Carney, Mai Riƙon Tuta

Ku sani, ya masu karatu, an haifi William Carney cikin bauta a garin Norfolk na ƙasar Amurka, a shekara ta 1840. Ubansa ya tsere zuwa arewa, daga baya iyalin suka zauna a garin New Bedford na jihar Massachusetts. Niyyarsa ita ce ya zama mai wa'azin coci, sai ga yaƙin basasa ya tashi a 1861 tsakanin jihohin arewa da na kudu masu riƙe da bayi. A 1863 ya shiga runduna ta 54 ta Massachusetts, watau dakaru baƙar fata, hafsoshinsu Turawa, shugabansu kuwa Kanar Robert Shaw.

A zamanin nan tuta ba ado ba ce. In an fara ɓarin wuta, hayaƙin albarushi ya kan rufe fili, ƙarar igwa ta hana jin umurni, ba abin da soja ke bi sai tutar rundunarsa. Inda ta nufa nan za a nufa. Saboda haka abokan gaba mai tuta su ke fara auna wa, alhali shi hannuwansa duka biyu suna kan sanda. A ƙwace wa runduna tuta kuwa, abin kunya ne da ba ya wankuwa. Balle waɗannan, da ake ta cewa baƙin mutum ba zai tsaya a fagen fama ba.

Ran 18 ga Yuli 1863, da magariba, rundunar ta shige gaba aka fāɗa wa ganuwar Wagner, kusa da Charleston. Sun kai mutum 600, fiye da 250 aka kashe, ko aka yi wa rauni, ko aka kama. Kanar Shaw a kan ganuwa ya mutu. Da aka harbi mai tuta, Carney ya yar da bindigarsa ya cafe ta, ya hau ganuwa ya kafa ta, ya durƙusa yana riƙe da ita. Da aka ja da baya, harsashi ya riga ya same shi a ƙafa, a hanya aka ƙara masa wasu. Wani sojan New York ya nemi ya karɓa masa, ya ƙi, don ba ɗan rundunarsu ba ne. Da jan gwiwa ya kai ta sansani, ya shaida wa 'yan'uwansa ba ta taɓa ƙasa ba. Ganuwar dai ba ta ciwu ba ran nan.

Aka sallame shi a 1864 saboda raunuka. Ya yi shekara 32 yana rarraba wasiƙu a New Bedford. Lambar girma mafi daraja ta sojan Amurka kuwa, sai a 1900 aka ba shi, bayan shekara 37. Lalle an yi nawa ƙwarai.

A ƙarshe ya zama masinja a gidan gwamnatin jiha a Boston. Nan injin hawa bene ya matse shi, ya mutu ran 9 ga Disamba 1908, aka sassauto da tutar gidan zuwa rabin sanda dominsa.