Tarihin Blaise Diagne, Wakilin Sanagal a Majalisar Faransa

An haifi Blaise Diagne a tsibirin Gore, kusa da Dakar, a shekarar 1872. Da ya ƙare karatu sai ya kama aikin kwastan, aka yi ta yawo da shi, daga Dahome zuwa Kwango, zuwa Madagaska.

A zamanin nan garuruwa huɗu kaɗai ke da ikon zaɓen wakili a ƙasar Sanagal, watau Dakar da Gore da Rufisk da Sanluwi. Wakilan da suka gabata duk Turawa ne ko 'yan ruwa biyu. A watan Mayu 1914 Diagne ya tsaya ya ci, ya zama baƙar fata na farko da Afirka ta Yamma ta aika majalisar Faris. Ba a cika wata uku ba, yaƙin Jamus ya ɓarke.

Da ya ga Faransa tana bukatar mayaƙa, sai ya yi ciniki da ita. A 1915 ya sa aka yi dokar ɗaukar samarin garuruwan nan soja daidai da Faransawa. A 1916 aka ƙara wata, wadda ta tabbatar da su 'yan ƙasa, su da zuriyarsu, ba tare da Musulminsu sun bar shari'a cikin aure da gado ba.

A 1918 Firayim Minista Clemenceau ya naɗa shi babban kwamishinan ɗibar soja. Gwamna Janar Van Vollenhoven ya ƙi yarda, ya ajiye aiki. Diagne kuwa ya zaga ƙasa yana ganawa da sarakuna da shehunnai, yana alkawarin sauƙin haraji da 'yanci ga wanda ya shiga. Mutum fiye da 60,000 aka ɗiba daga Afirka ta Yamma, ba tare da irin tawayen da aka sha a shekarun baya ba.

To, da yaƙi ya ƙare, kaɗan daga alkawuran aka cika. Talakawan karkara suka zauna yadda suke, bisa aikin tilas da hukuncin kwamanda. Shi kuwa daraja ta yi ta ƙaruwa gare shi, ya zama magajin garin Dakar a 1920. A 1923 ya shirya da attajiran Bordo masu riƙe da cinikin gyaɗa, waɗanda dā yake jayayya da su. A 1930 ya tsaya a taron Janeba ya kare Faransa a kan aikin tilas, abokansa na dā suka juya masa baya.

Ya mutu a Faransa ranar 11 ga Mayu 1934, aka kawo gawarsa Dakar. Aikin tilas bai kau ba sai 1946. Garuruwa huɗu sun karɓi hakkinsu tun yana da rai, amma ƙauyukan da suka ba da 'ya'yansu sai da suka yi jiran shekara 28.